TAƘAITACCEN TARIHIN FASTO OBERLIN NA ƘAUYEN WALDERSBACH (1740 – 1826)

Gabatarwa

A sauran shafuffukan wannan ɗan littafi na bikin cikar ikkilisiyarmu shekara 50 mun tuna da iyayenmu waɗanda suka fara sujada a ƙarƙashin rumfar zana, da fastoci da masu bishara da suka yi kiwonmu ɗaya bayan ɗaya. A wannan shafi kuwa mun ga ya kamata mu ɗaga ido mu duba wani bawan Allah na ƙasar Faransa, wanda ya yi barci shekara wajen 200 da suka wuce. Sunansa Jean-Frédéric Oberlin, wato Yohanna ke nan a bakinmu.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi a fili yake. Bai yi aiki a babban birni ba, bai kuwa riƙe babban muƙami a ɗarikarsa ba. Faston ƙauye ne a cikin duwatsu, a tsakanin talakawa manoma, kuma a wuri ɗaya ya zauna shekara 59 cur. Mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram, da muka san dutse, muka san fartanya, muka kuma san yadda ruwan damina yakan yanke mana hanya, za mu gane labarinsa fiye da mutanen birni.

Ƙasar da aka tura shi

A gabashin Faransa, kusa da iyakar Jamus, akwai yankin da ake kira Alsace, babban birninsa Strasbourg. Kudu maso yamma da birnin, a cikin duwatsun Vosges, akwai wata 'yar gunduma mai suna Ban de la Roche. Masu jin Jamusanci suna ce mata Steintal, ma'ana Kwarin Duwatsu. Sunan kuwa bai yi ƙarya ba, gama gonakin wurin a jikin gangare suke, ƙasar ba ta da zurfi, ruwan sama yakan kwashe ta, ga dusar ƙanƙara da takan rufe ƙauyukan kan tudu rabin shekara ko fiye.

A 1584 wani basarake mai bin koyarwar Martin Luta ya sayi gundumar, ta haka mutanenta suka zama 'yan ɗarikar Luta, irin ta 'yan'uwanmu na Numan. Bayan wannan sai masifu suka yi ta bin juna. Tsakanin 1620 da 1630 an kashe mutane da dama bisa zargin maita. Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza daga 1618 zuwa 1648, ya zo da yunwa da annoba, har wasu ƙauyukan suka kusa zama kufai. Daga baya baƙi daga Siwizalan suka zo suka cike gurbin waɗanda suka mutu. Da Sarkin Faransa ya hana Furotestan sujada a ƙasarsa a 1685, dokar ba ta hau kan Alsace ba saboda yarjejeniyar da ta shigar da yankin ƙarƙashin Faransa. Saboda haka majami'un Kwarin Duwatsu suka ci gaba da zama a buɗe, ko da yake talauci ya yi musu katutu.

Gundumar ikkilisiyar Waldersbach ta ƙunshi ƙauyuka biyar: Waldersbach inda gidan fasto yake, da Fouday, da Belmont, da Bellefosse, da Solbach. Mutanen ba Faransancin littafi suke yi ba, suna da wani karin harshe nasu wanda ɗan birni ba ya ganewa. Fastoci kuwa suna ɗaukar turawa wurin kamar horo ne, kowa ya zo sai ya shiga neman hanyar komawa.

Wanda ya share fage

Kafin mu yabi mai girbi, daidai ne mu tuna da mai sassabe. A 1750 wani saurayin fasto, Jean-Georges Stuber, ya zo Waldersbach. An ba da labari cewa da ya nemi a kai shi makaranta, sai aka kai shi wata bukka cike da yara suna ta hayaniya, malaminsu tsoho yana kwance a gado. Da ya bincika sai ya tarar tsohon bai iya karatu ba. Ashe makiyayin aladun gari ne, da tsufa ya hana shi bin dabbobi sai aka ba shi tsaron yara.

Stuber ya shirya littafin koyon baƙaƙe, ya horar da malamai daga cikin samarin wurin, ya kuma buɗe ɗan ɗakin aron littattafai. Ya samo Littafi Mai Tsarki guda 50 daga birnin Basel, ya raba kowanne kashi uku ya ɗinke, domin ya zaga gidaje da yawa. Da aka kira shi aiki a Strasbourg, ya ƙi barin garken sai ya sami wanda zai ɗora daga inda ya tsaya.

Haihuwarsa da kiransa

An haifi Oberlin a Strasbourg ranar 31 ga Agusta, 1740. Mahaifinsa malamin makaranta ne, gidan akwai ilimi amma babu dukiya. Ya shiga jami'ar garin yana ɗan shekara 15, ya sami digirin dakta a fannin falsafa a 1763, ya kuma karanci tauhidi. Ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan wani likitan fiɗa a gidansu, a nan ya tsinci sanin magani da ɗaurin rauni, bai san ranar da abin zai yi masa amfani ba.

Tun yana yaro yake sha'awar soja, har ya yi shirin zama faston bariki. Ana cikin haka Stuber ya hau ɗan ɗakin da yake haya a saman wani bene, ya tarar da shi cikin sanyi, ya kare gadonsa da labulen takarda, yana dafa gutsuren burodi a wata 'yar tukunya da ya rataya bisa fitilar karatunsa. Stuber ya ga ya sami irin mutumin da yake nema, wanda talauci ba zai kora ba. Oberlin bai amsa nan take ba, sai da aka sami wanda zai karɓi aikin barikin, aka kuma tabbatar babu wani da ya riga shi a layi da yake son wurin. A 1767, yana da shekara 26, ya hau zuwa Waldersbach. A lokacin iyalai 80 zuwa 100 ne a dukan ƙauyukan biyar.

Farkon aiki da tsayayya

Kada mu zaci an tarye shi da guɗa. Saurayi ne mai zafin nama, ɗan birni, wa'azinsa na farko kuwa akwai faɗa da tsoratarwa a ciki. Stuber ya riƙa rubuto masa wasiƙu yana jan hankalinsa ya sassauta, ya fara ƙaunar mutanen kafin ya gyara su. Wannan gargaɗi bai faɗi ƙasa banza ba, amma ya ɗauki shekaru kafin ya nuna.

Wata rana ya ji labari wasu mazaje sun ƙulla za su tare shi a hanya su yi masa dūka. Ran Lahadi ya yi wa'azi a kan haƙuri da mugunta. Bayan an tashi, ya nufi gidan da suka taru, ya shiga shi kaɗai, ya shaida musu cewa ya san shirinsu, ya kuma kawo kansa domin ya hutar da su daga abin kunyar yin kwanto. Kunya ta rufe su, babu wanda ya ɗaga hannu. An ce wasu daga cikinsu suka zama masu taimakonsa daga baya.

Haka kuma da ya tashi gina makaranta a Waldersbach, mutanen gari suka ƙi, don tsoron kada a ɗora musu kuɗin. Sai da ya sa hannu a takarda cewa ba za a nemi ko anini daga wurinsu ba. Ya roƙi abokai a Strasbourg, ya ci bashi a kan ɗan albashinsa, ya gina. Gani ya kori ji: bayan wasu shekaru sauran ƙauyukan suka gina nasu makarantun da hannunsu.

Hanya da gada

Abin da ya fi damun kwarin shi ne rashin hanya. Kogin Bruche ya raba su da babban titin Strasbourg, a kan duwatsu ake taka a ƙetare, in ruwa ya cika ko ƙanƙara ta sauko sai a zauna a gida. Marar lafiya ba ya samun likita, mai kaya ba ya kai wa kasuwa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mace mai naƙuda a amalanke cikin watan Agusta, ya isa bakin rafi ya tarar ya cika, ya san abin da muke faɗi.

Oberlin ya tara mutane ya ce a fasa duwatsu, a gina katanga a gefen kogi, a yi hanyar da keken doki zai bi, a kuma ɗora gada kusa da garin Rothau. Suka ce ba shi yiwuwa, kowa ya kawo uzurinsa. Bai tsaya gardama ba. Ya saɓa diga a kafaɗa, ya tafi da wani bara nasa, ya fara sara. Da mutane suka ga fastonsu yana fama da dutse har hannunsa ya yi kanta, sai suka ɗauko nasu kayan aikin suka bi shi. Ya samo albarushi da kayan aiki daga birni, ya raba wa kowa inda zai yi, shi kuwa ya ɗauki wuri mafi wuya. Da aka gama gadar aka sa mata suna Gadar Ƙauna. Daga nan ya bi da su suka gyara hanyoyin da suka haɗa ƙauyukan biyar.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A Kwarin Duwatsu an ga haka da ido.

Noma da sana'a

Babban abincin wurin dankalin Turawa ne, amma irin ya tsufa, amfaninsa ya ragu ƙwarai, har a shekarun wahala mutane sukan dafa ganyayen daji da madara su ci. Oberlin ya san manomi ba ya karɓar shawarar noma daga bakin ɗan birni. Saboda haka ya mai da gonar gidan fasto wurin gwaji. Akwai turba da ta ratsa ta, kowa yana wucewa yana gani. Ya haƙa ramuka, ya zuba taki, ya dasa itatuwan marmari ya yi musu aure. Da suka yi kyau a ƙasar da kowa ya san ba ta da kirki, mutane da kansu suka zo tambaya.

Ya kawo sabon irin dankali daga wasu ƙasashe, har kwarin ya ƙoshi ya kuma riƙa kai saura kasuwar Strasbourg. Ya samo daga birnin Riga irin wani tsiro mai kama da rama wanda ake saƙa tufafi da zarensa. Ya koya musu shuka wata ciyawar dabbobi mai gyara ƙasa, kamar yadda wake da gyaɗa suke yi wa gonakinmu. Ya nuna musu yadda ake tara kashin dabbobi da shara a rami su ruɓe su zama taki, da yadda ake janye ruwa daga fadama a kai shi inda ake bukata. Ya kafa ƙungiyar manoma, ya buɗe rumbun kayan aiki inda ake saye da sauƙi a biya bayan girbi, ya kuma kafa asusun rance marar ruwa, da sharaɗin wanda ya ƙi biya a kan lokaci ba za a ƙara ba shi ba sai bayan wani tsawon lokaci. Ya roƙi masu aure da yara masu shirin shiga cikakken zumuntar ikkilisiya kowa ya dasa itace.

Da ya zo babu magini ko kafinta ko maƙeri na kirki a kwarin, in garma ta karye sai an yi tafiyar yini. Ya zaɓi samari ya tura su Strasbourg koyon sana'a, suka dawo suka koya wa wasu, kuɗin da yake fita waje ya tsaya a gida. Ya tura wani ya koyi aikin likita, ya sa aka horar da mata aikin ungozoma, ya kuma ajiye magunguna a gidansa. Domin watannin sanyi da ba a noma, ya shigo da kaɗin auduga. Da injuna suka kashe wannan kasuwa, Allah ya kawo wani mutumin Basel mai suna Jean-Luc Legrand, wanda ya kawo masana'antarsa ta saƙar ƙyallayen ado na siliki zuwa Fouday a 1813. Ya rarraba masaƙa gida gida, iyaye suna aiki 'ya'yansu na gabansu. Ɗansa Daniel Legrand ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ta kira har Faransa ta kafa dokar taƙaita aikin yara a masana'antu a 1841.

Matan da suka riƙe aikin

Zumuntar mata, wannan sashe naku ne. A 1769 Oberlin ya ji labarin wata budurwa a Belmont mai suna Sara Banzet, wadda ta taɓa aiki a gidan Stuber. Ita da kanta take tara ƙananan yara a ɗaki mai murhu, tana koya musu saƙa, tana ba su labarai. Ya je ya gani, ya roƙi mahaifinta, ya ɗauke ta aiki da albashi. Daga nan aka buɗe irin waɗannan ɗakuna a sauran ƙauyukan. Yaran da dā suke yawo cikin taɓo sa'ad da iyaye suke gona, yanzu suna zaune wuri mai ɗumi, manyansu suna saƙa, ƙananan suna kallon hotunan labaran Littafi Mai Tsarki da na dabbobi, suna waƙa, suna koyon Faransanci. In rana ta fito a fita da su daji su tsinko ganyaye su koyi sunayensu da amfaninsu. Masana tarihin ilimi suna lissafa waɗannan ɗakuna cikin makarantun renon yara na farko a Turai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1768 Oberlin ya auri Madeleine-Salomé Witter, 'yar birni wadda ta rungumi zaman ƙauye, ta kuma taya shi horar da waɗannan malamai mata. Suka haifi 'ya'ya tara, biyu suka rasu suna ƙanana. A Janairun 1783 ta rasu farat ɗaya, makonni kaɗan bayan haihuwar auta, ta bar shi da yara bakwai. Bai sāke aure ba.

Wadda ta riƙe gidan ita ce Louise Scheppler, 'yar talakawa daga Bellefosse, an haife ta a 1763, ta shigo gidan aiki tana 'yar shekara 15. Ta reni marayun, ta kuma shugabanci makarantun yara, tana ratsa dusar ƙanƙara daga ƙauye zuwa ƙauye. A farkon 1793 ta rubuta masa takarda tana roƙo ya daina biyanta albashi, ya ɗauke ta kamar 'yarsa. A 1829 babbar majalisar masana ta Faransa ta ba ta kyautar Montyon saboda nagarta, kuɗin kuwa ta zuba su cikin aikin yara da matalauta. Ta rasu a 1837, aka binne ta kusa da shi.

Makiyayin rayuka

Kada wani ya ce wannan ai jami'in gona ne, ba fasto ba. A wurinsa gyaran hanya da wa'azi duk aikin Ubangiji ɗaya ne. Yana zaga majami'unsa bi da bi ran Lahadi, yana wa'azi da Faransanci mai sauƙi da misalai daga gona, ran Jumma'a kuma ya yi sujada da Jamusanci domin baƙin da ba su jin Faransanci. Yana da littafi da yake rubuta halin kowane gida domin addu'a. Yana da ɗan injin buga takarda da yake buga ayoyi a ƙananan katuna yana rabawa. Daga abin da yake samu yakan ware zakka kashi uku, domin aikin Allah da makaranta da matalauta. Ya bar shan sukari da kofi saboda ya san da gumin bayi 'yan Afirka ake noma su.

Da aka kafa Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila a 1804, yana cikin na farko da suka yi hulɗa da ita daga ƙasashen waje, matan ikkilisiyarsa kuwa suka riƙa kai Littafin gida gida suna karanta wa maƙwabta. Wannan ƙungiya ce ta buga mana cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Ƙofarsa a buɗe take ga kowa. A farkon 1778 wani marubucin Jamus mai suna Lenz, wanda ciwon tabin hankali ya kama, ya zo gidansa. Oberlin da matarsa suka yi jinyarsa kusan mako uku, suna tsaronsa dare da rana, sai da abin ya fi ƙarfinsu suka mai da shi Strasbourg. Ya zauna lafiya da 'yan Katolika da Yahudawa a zamanin da gaba take da zafi tsakaninsu, yana kuma tsawata wa mutanensa in sun wulakanta baƙo saboda addininsa.

Sau ɗaya ya yi niyyar tashi. A 1774 aka kira shi ya je ya yi kiwon wata ikkilisiya a Ebenezer, cikin Jojiya ta Amurka, ya kuwa yarda. Yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a 1775, tafiyar ta fasu. Ya karɓi wannan a matsayin nufin Allah, bayan haka ko da aka yi masa tayin wurare masu albashi mai tsoka, bai ƙara motsawa ba.

Kwanakin gwaji

A 1789 aka yi juyin juya hali a Faransa. Oberlin ya yi murna da 'yancin da talaka ya samu, babban ɗansa ma ya shiga soja, aka kashe shi a fagen fama a 1793. A wannan shekara masu mulki suka juya wa addini baya, aka rufe majami'u, aka hana fastoci aiki. Doka ta ce kowane gari ya kafa kulob na 'yan ƙasa, ya zaɓi mai jawabi da zai yi magana gāba da azzalumai. Mutanen Waldersbach suka kafa nasu, suka zaɓi Oberlin mai jawabi, suka kuma ga babu ɗakin da zai ɗauke su sai majami'a. Ya tuɓe rigar fasto, ya tsaya a gabansu, ya yi ta jawabi a kan azzaluman da suke mulki a zuciyar mutum, wato ƙiyayya da haɗama da girmankai. Ya kuma ɓoye waɗanda ake farauta a gidansa. A watan Yuli 1794 aka kama shi aka nufi garin Sélestat da shi, amma cikin 'yan kwanaki labari ya zo cewa Robespierre, jagoran masu kisan, ya faɗi, aka sake shi ya koma gida.

Akwai kuma wata tsohuwar shari'a tsakanin ƙauyukan da masu mallakar ƙasar a kan haƙƙin daji, wadda ta ci shekaru da yawa tana cinye kuɗin talakawa. Oberlin ya yi ta lallashin jama'arsa cewa sulhu da 'yar hasara ya fi nasarar da ba ta zuwa. A 1813 aka sa hannu a gaban gwamnan lardin, aka kuma miƙa masa alƙalamin da aka yi amfani da shi domin tunawa.

A 1816 damuna ta lalace a Turai duka, sanadin toka da hayaƙin dutsen Tambora na Indunusiya wanda ya yi aman wuta a 1815. Yunwa ta biyo baya har 1817. Kwarin ya sha wuya, amma dankali da asusun taimako da abokan da ya tara a waje suka rage asarar rayuka. A cikin 1817, shekarar da ya cika 50 a bakin aiki, ya binne wani ɗansa, Henri, wanda yake taimakonsa a hidima. Jubilinsa da hawaye ya zo.

Mutuwarsa

A 1818 ƙungiyar noma ta ƙasa a Paris ta ba shi lambar zinariya, a 1819 kuma Sarki Louis na 18 ya ba shi lambar girma ta ƙasa. A lokacin jama'ar kwarin sun kai wajen 3,000, suna karatu da rubutu, suna ciyar da kansu. Da ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ya raunana, sai ya zauna a ɗaki yana bin sunayen mutanensa ɗaya ɗaya cikin addu'a. Ya yi barci cikin Ubangiji ranar 1 ga Yuni, 1826, yana da shekara 85.

Aka binne shi a Fouday. An ce na gaban jerin masu rakiya sun isa majami'a tun na baya ba su bar ƙofar gidansa a Waldersbach ba. 'Yan Katolika da limamansu suna cikin masu makoki. A kan gicciyen kabarinsa an rubuta sunan da kowa yake kiransa da shi, wato Baba Oberlin.

Ƙauyen a yau

Waldersbach bai zama birni ba. Jamus ta riƙe yankin daga 1871 zuwa 1918, ta sāke mamaye shi a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan ya koma Faransa. Masaƙun kwarin sun rufe, matasa sun gangara birane neman aiki, mazauna ƙauyen a yau ba su kai 200 ba. Amma ba su yar da gādonsu ba. Majami'ar da ya yi wa'azi a ciki tana nan. Gidan faston ya zama gidan tarihi mai sunansa, inda aka adana ganyayen da ya busar ya rubuta sunayensu, da taswirori, da katunan koyarwa, da kayan wasan yara. A bayan gari akwai turba mai layin itatuwa da ake kira Hanyar Masu Alkawarin Aure, domin tunawa da al'adar dashen nan. A Amurka, kwalejin Oberlin ta jihar Ohayo, wadda aka kafa a 1833, sunansa ta ɗauka, ta kuwa fara karɓar baƙaƙen fata a 1835. A Tokyo ta Japan ma akwai jami'a mai sunansa. Mutumin da ya ƙi barin ƙauye, ga sunansa ya ƙetare teku.

Kammalawa

'Yan'uwa, mu ma muna da abin tunawa. Mutanen dā sun bar mana zanen shanu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, har baƙi suna zuwa kallo. Iyayenmu na bangaskiya sun bar mana wannan majami'a. Saura mu tambayi kanmu abin da za a tarar daga hannunmu ran bikin shekara 100.

Samarinmu suna ta tafiya Kano da Abuja, wasu ba su dawowa ko da Kirsimati. Ma'aikacin da aka tura ƙauye yakan fara lissafin ranar canji tun bai kwance kaya ba. Sau da yawa muna zaune muna jiran gwamnati ta cike mana ramin da shebur goma za su cike kafin azahar. Ba mu faɗi haka don mu kunyata kowa ba, gama dukanmu muna ciki. Muna roƙon dattawa su duba maganar ajin ƙananan yara da asusun rance na manoma. Muna roƙon kowane gida ya dasa itace a wannan shekara ta jubili. 'Ya'yanmu da suka yi karatun likita da noma da koyarwa, ku tuna da inda aka yi muku baftisma. Rijiya ko hanya da za mu gyara kuwa, mu gyara ta domin gari duka, mu da maƙwabtanmu Musulmi, gama tare muke sha, tare muke bi.

Ubangiji wanda ya riƙe bawansa shekara 59 a Kwarin Duwatsu, wanda kuma ya riƙe mu shekara 50 a wannan wuri, ya ba mu ƙarfin ɗaukar diga da Littafi tare. Amin.

Kwamitin Shirya Littafin Jubili